Kare Tsohuwar Mota Daga Tsatsa

Yola gari ne mai sassa biyu. Akwai tsohon garin da Modibbo Adama ya kafa a shekarar 1841, inda fadar Lamiɗo take. Akwai kuma Jimeta a bakin kogin Binuwai, inda ofisoshin gwamnati da babbar kasuwa da tashoshin mota suke. Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin tashoshin nan da sassafe, kamar ta Jambutu, zai ga irin motocin da ke jigilar jama'ar Jihar Adamawa tsakanin birni da ƙauye. Sababbi kaɗan ne a cikinsu. Akwai ƙananan Toyota Starlet, waɗanda aka daina ƙera irinsu tun 1999. Akwai Volkswagen Golf na shekarun 1990. Jefi-jefi kuma akan ci karo da Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo, motar da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, aka yi kimanin shekara talatin ana fitar da ita. Yawancin waɗannan motoci sun girme ku.

Idan injin irin wannan mota ya gaji, makanike yakan sauke shi ya ɗora wani. Haka ake yi wa giya da taya da gilashi. Amma jikin motar, wanda masu sana'a ke kira bodi, shi ne motar kanta. Ranar da ya ruɓe, tafiya ta ƙare. Abin da ke ruɓar da shi kuwa shi ne tsatsa, wato jan garin nan da kuke gani a jikin tsohuwar ƙusa ko fartanyar da aka manta a gona. Saboda haka mai son farfaɗo da tsohuwar mota yana da aiki biyu a gabansa: ya kawar da tsatsar da ta riga ta kama, ya kuma shafa abin da zai hana wata kamawa. Aikin farko ya fi wuya, kuma shi aka fi yi wa ha'inci.

Mece ce tsatsa?

Maƙeran zamanin da ba tsintar ƙarfe suke yi a ƙasa ba. Abin da suke haƙowa shi ne tama, wani dutse ja ko baƙi-baƙi wanda ƙarfe ke cikinsa a haɗe da iskar oksijin. Sai sun zuba tama da gawayi a murhu, sun hura wuta mai tsanani, kafin oksijin ya rabu, ƙarfe ya fito. Manyan masana'antu ma haka suke yi a yau, girman murhun ne ya bambanta. To, tun daga ranar da ƙarfe ya fito daga wuta yake neman hanyar komawa yadda yake a da. Tsatsa ita ce wannan komawa: ƙarfe ne ya sake haɗuwa da oksijin.

Haɗuwar ba ta yiwuwa sai da ruwa, kuma za ku iya tabbatar da haka da kanku. Ku sami kwalabe huɗu da ƙusoshi huɗu, ku goge ƙusoshin da samfefa, wato takardar nan mai kaushi da ake gurza katako ko ƙarfe da ita. Ƙusa ta farko ku sa ta a busasshiyar kwalba ku rufe. Ta biyu ku nutsar da ita cikin ruwan da aka tafasa sosai, ku zuba man gyaɗa a saman ruwan. Tafasawa tana korar iskar da ke cikin ruwa, man kuma yana hana wata shiga. Ta uku ku sa ta a ruwan famfo, rabinta a ciki, rabinta a waje. Ta huɗu ku yi mata kamar ta uku, amma ku ƙara cokali ɗaya na gishiri. Bayan mako guda ku duba. Biyun farko za su kasance kusan yadda kuka sa su. Ta uku za ta yi ja. Ta huɗu kuwa za ta fi kowacce lalacewa, domin tsatsa aiki ne na ɗan ƙaramin lantarki da ke gudana tsakanin wani sashe na ƙarfe da wani, ruwan gishiri kuma yana sauƙaƙa wa lantarki wucewa.

Tsatsa tana da wani hali da ya sa ta fi 'yan'uwanta ɓarna. Tukunyar alminiyam ma tana haɗuwa da oksijin, amma abin da ke fitowa fata ce siririya mai tauri, wadda ke manne wa tukunyar ta rufe ta, aikin ya tsaya nan. Tsatsar ƙarfe ba ta da wannan kirki. Ta fi ƙarfen da ta fito daga cikinsa girma, don haka takan kumbura, ta tsage, ta ɓamɓare. Tana kuma shan ruwa kamar soso, ta riƙe shi a jikin lafiyayyen ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Idan kuka ga fentin tsohuwar mota ya yi bororo, tsatsa ce ke turo shi daga ciki. Farantin ƙarfen da ake yin jikin ƙaramar mota da shi kuwa bai cika kai milimita ɗaya a kauri ba. Ba ya daɗewa kafin ya huje.

Ta ina ruwa ke shiga?

Wani zai ce motar Yola ba ta da abin tsoro. Garin yana nesa da teku, iskarsa ba ta ɗauke da gishiri kamar ta Legas ko Fatakwal, kuma daga Nuwamba zuwa Maris da wuya a ga ɗigon ruwan sama. Gaskiya ne motar da ta yi rayuwarta a arewa ta fi ta bakin teku lafiyar jiki. Duk da haka ruwa yana da hanyoyinsa.

Damina a kwarin Binuwai takan fara wajen watan Mayu ta kai Oktoba, ruwa ya fi yawa a Agusta da Satumba. Taɓon hanyoyin ƙauye yakan maƙale a cikin madigadi, wato rumfar da ke saman taya, da sauran lungunan ƙarƙashin mota. Taɓo ba ya bushewa da wuri, saboda haka ƙarfe yakan kwana ya wuni a jiƙe bayan an ɗauke ruwa. Zafin bazara, wanda kan wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, ya riga ya yi nasa aikin tun kafin damina ta faɗi: ya busar da robar da ke kewaye da gilashi da ƙofofi har ta tsattsage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan farko na sauka, sai ya bi tsagar ya gangara ƙarƙashin kafet, inda ba mai ganinsa.

Sannan ga ambaliya. A 2012 da 2022 kogin Binuwai ya cika ya tumbatsa, bayan ruwan sama mai yawa da sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, ya mamaye gidaje da gonakin da ke bakinsa. Motar da ta tsaya cikin irin wannan ruwa, ko an wanke ta an shanya kujerunta, akwai laka a cikin kogunan jikinta, lakar kuma tana nan tana aiki shekara da shekaru. Kayan da mota ke ɗauka ma suna taimakawa. Takin zamani gishiri ne a wajen ƙarfe, kuma yana jawo danshi daga iska. Haka fitsari da kashin dabbobin da ake kaiwa kasuwa. Ruwan batir kuwa asid ne, shi ya sa mazaunin batir yakan riga ko'ina ruɓewa.

Wata tsatsar daga nesa ta zo. Da yawa daga cikin tsofaffin motocin nan sun yi rayuwarsu ta farko a Turai ko Amurka kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Legas ko ta Kwatano. A ƙasashe masu sanyi irin su Jamus da Beljiyam da Kanada, ana watsa gishiri a kan titi lokacin hunturu domin ya narkar da ƙanƙara, tayoyi kuma suna fesa wannan ruwan gishiri a ƙarƙashin mota wata da watanni. Ku tuna da kwalba ta huɗu. Mota tana iya isowa Jimeta tana sheƙi, alhali cikinta ya soma ciwo tun kafin ta hau jirgi.

Kada ku ɗauka maganar ado ake yi. Babbar mota da a-kori-kura irin Hilux suna da casis, wato ƙashin ƙarfe mai kauri da aka ɗora bodi a kansa. Ƙananan motoci irin su Starlet da Golf ba su da shi. Jikinsu shi ne ƙashinsu. Ƙarfinsu yana cikin wuraren da aka naɗe farantin ƙarfe ya zama kamar akwati mai kogo, musamman dogon kogon da ke ƙarƙashin ƙofofi, wanda za mu kira dokin ƙofa. Idan tsatsa ta cinye shi, motar takan lanƙwashe kamar gwangwani ranar haɗari. Bututun man birki ma na ƙarfe ne, siriri kamar fensir ko ƙasa da haka, kuma ta ƙarƙashin mota yake bi. Ƙaramar huda ɗaya ta isa direba ya taka birki a gangare ya ji wayam. Huda a daɓen mota kuwa tana barin hayaƙin salansa ya shigo wa fasinja, a cikin hayaƙin nan kuma akwai iska mai guba wadda ba ta da wari.

Kafin a buɗe gwangwanin fenti

A gareji mutum uku ne ke raba wannan aiki: fanabita, mai daddaƙa jikin mota ya miƙar da shi, mai walda, da mai fenti. Za ku lura cewa yawancin kalmomin sana'ar aro ne daga Ingilishi, amma bakin Hausawa ya sassaƙe su har sun zama nasa.

Gwanin fanabita ba ya yarda da ido kaɗai. Yakan ɗaga kafet, ya cire kujeru, ya shiga ƙarƙashin mota da tocila, ya riƙa ƙwanƙwasa ƙarfe da sukudireba. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi. Ruɓaɓɓe yakan yi shiru, wani lokaci ma sukudireban ya faɗa ciki. Yakan kuma bi jikin motar da maganaɗisu. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, babu ƙarfe a kusa: an cika wurin da fila, wato ƙullun nan da ake shafawa a lotse ya daskare. Ku riƙe wannan dabara, za ta yi muku amfani ranar da wani naku zai sayi mota.

Da zarar an san iyakar ɓarnar, sai wanki. Ana wanke taɓo da maiƙo da giris tun kafin a taɓa samfefa, domin gurza ƙarfe mai maiƙo tura man ne cikin ƙarjewar, kuma babu fentin da ke kama mai. Bayan haka sai gurza, da buroshin waya, da samfefa, da injin gurza, har ƙarfe ya fito fari yana ƙyalli. Lambar da ke bayan samfefa tana nuna kaushinta: 80 mai kaushi ce, da ita ake cire tsatsa, 180 ta fi laushi, 320 da 400 na gyaran fuska ne kafin fenti. Injin gurza yana da sauri, amma a hannun mai gaggawa yakan zafafa siririn faranti har ya karkace.

Inda ƙarfe ya huje, magani ɗaya ne: a yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai ga lafiyayye, a yanko sabon faranti daidai da shi, a yi walda. A nan ne ake gane mai tsoron Allah a sana'ar. Hanya mai sauƙi ita ce a cusa kwali ko raga a ramin, a lafta fila, a goge, a fesa fenti. Cikin kwana biyu mota ta fito kamar amarya, mai saye ya biya yana murna. Kyan ɗan maciji ke nan. Damina ɗaya ko biyu, bororo ya dawo, ramin kuma ya fi da girma. Ko waldar kirki ma tana da tarko. Zafinta yana ƙona fentin da ke bayan farantin, a ɓangaren da ba a gani, ya bar ƙarfe tsirara. Wanda ya gyara gaba ya manta baya ya shuka sabuwar tsatsa da hannunsa.

Abin da ake shafawa

Komai ƙoƙarin mai gurza, akan sami ƙananan ramuka kamar zanzana waɗanda samfefa ba ta isa ƙasansu. Domin su ake amfani da ruwan kashe tsatsa. Wannan ruwa yana ɗauke da asid ɗin fosforik, ko wani sinadari mai suna tanin, ko duka biyun. Idan ya taɓa jar tsatsa yakan juya ta zuwa wani abu baƙi mai tauri wanda fenti ke iya zama a kansa. Tanin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne ke cikin 'ya'yan bagaruwa da majema ke jeme fata da su, kuma dukawa sun daɗe da sanin cewa idan ruwan ƙarfe ya haɗu da bagaruwa, baƙi ake samu. Ku jiƙa bagaruwa a kwalba, ku jefa ƙusa mai tsatsa, ku ga launin da za ta koma. Sai dai ruwan kashe tsatsa yana da iyaka. Siririyar tsatsa kawai yake iya ratsawa. Idan aka shafa shi a kan ɓawo mai kauri, saman ne zai yi baƙi, ƙasan yana nan ja.

Yanzu ƙarfe ya fito fes, kuma a wannan hali ne ya fi rauni. Da damina, farin ƙarfen da aka bari a buɗe yakan yi ja-ja kafin gari ya waye. Ko zufar tafin hannu tana barin tabo, domin akwai gishiri a cikinta. Don haka ƙa'ida ita ce, abin da aka gurza yau a rufe shi yau. Shafin farko da ke taɓa ƙarfe ana kiransa firaima, kuma duk cikin shafe-shafen babu wanda ya kai shi muhimmanci. Fentin launi da ke sama ado ne da kariya daga rana. Firaima ce ke gadin ƙarfe.

Wadda aka fi sani ita ce jar firaima, irin wadda masu walda ke shafa wa ƙofofin gida da tagogi. Wani abin mamaki, jan launinta daga haɗin ƙarfe da oksijin aka samo shi, wato ɗan'uwan tsatsa ne aka niƙa aka dama da mai. Tana da araha, tana kuma yin aiki a kan casis da daɓen mota, amma tana jinkirin bushewa, kuma tina mai ƙarfi da ke cikin fentin mota yakan sa ta yamutse. Wadda ta fi ta ita ce firaimar efoksi. Gwangwani biyu take zuwa, ana haɗa su bisa awon da aka rubuta a jiki, daga nan sai sinadaran biyu su kama juna su daskare su zama fata wadda ruwa ba ya ratsawa. Da zarar an haɗa, sai a yi amfani da ita cikin 'yan sa'o'i, in ba haka ba ta sandare a cikin kwano. Ta fi tsada, amma a wurin da ruwa ke zama, ita ce kwalliyar da ke biyan kuɗin sabulu.

Ta uku tana aiki ta wata hanya dabam, kuma don ku fahimce ta sai ku ɗaga kai ku dubi kwanon rufin ajinku. Ƙarfe ne shi ma, amma an lulluɓe shi da wani ma'adini mai suna tutiya, galibi ta hanyar tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450. Kafinta ya huda shi da ƙusa, ruwa ya yi ta dukansa shekara da shekaru, amma bakin hudar bai yi saurin tsatsa ba. Dalili shi ne, idan tutiya da ƙarfe suna manne kuma ruwa ya taɓa su, tutiya ce ke fara narkewa, ƙarfe ya tsira. Tana ba da kanta fansa, sai ta ƙare tukuna tsatsa ke samun shiga; shi ya sa tsohon kwano ke yin ja daga baya. Masu ƙera motoci sun ɗauki wannan dabara: Audi 80 da ta fito a 1986 duk jikinta an lulluɓe shi da tutiya. Yawancin motocin shekarun 1970 ba su sami wannan gata ba. A gareji ba za a iya tsoma mota a narkakkiyar tutiya ba, amma akwai firaima mai cike da garin tutiya, wadda ta dace da bakin walda da tsakanin faranti biyu da aka ɗora wa juna. Sharaɗinta ɗaya ne: dole ta taɓa ƙarfe kai tsaye. Idan aka shafa ta a kan tsohon fenti, an zubar da kuɗi.

Akwai wata firaima mai launin toka da ake fesawa don ta cike ƙarjewar samfefa. Aikinta sulɓi, ba ta tare ruwa. Sau da yawa za ku ga mota a bakin gareji sanye da wannan toka tun farkon damina har kaka, saboda kuɗin mai ita sun ƙare kafin a sayi fenti. Mai motar yana ganin an rufe ƙarfe, alhali ruwa yana ratsawa. Wanda aljihunsa bai kai ƙarshen aiki ba, gara ya sa abin da yake da shi a efoksi, launi ya jira.

Ita ma fila ba abar ƙi ba ce idan an san matsayinta. Amfaninta gyara 'yar lotsewar da guduma ta kasa, kuma kaurinta bai kamata ya wuce kamar milimita uku ba. A cikinta akwai garin wani dutse mai laushi, irin na hodar jarirai, wanda ke shan ruwa. Saboda haka ba a shafa ta a kan tsatsa, ba a goge ta da jiƙaƙƙiyar samfefa, ba a kuma barin ta a buɗe. Bayan fila sai a bi duk gaɓar da faranti biyu suka haɗu da danƙon toshe gaɓa, sannan fentin launi ya biyo baya.

Ƙarƙashi da ciki

Mai mota yakan tsaya ya duba ƙofa da bonet, ya yaba ko ya kushe. Da wuya ya durƙusa. Amma ƙarƙashin mota ne ke shan dukan tsakuwa da taɓo, don haka akan ƙara masa baƙin shafi mai kauri, na kwalta ko na roba, wanda tsakuwa ba ta fasawa da sauƙi. Wannan shafi aboki ne a kan busasshen ƙarfe mai firaima, maƙiyi ne a kan tsatsa. Idan aka lafta shi a kan ƙarfe mai ciwo, yakan kulle danshi a ciki, tsatsa ta yi ta ci a ɓoye, baƙin shafin yana nan lafiya lau a ido har ranar da zai faɗo da ƙarfen gaba ɗaya. Ba a kuma shafa shi a salansa, domin zafinta, ko a faifan birki.

Saura kogunan da hannu ba ya shiga: cikin ƙofofi, da dokin ƙofa, da ginshiƙan da ke riƙe da rufin mota. A nan tsatsa daga ciki take farawa ta fito waje. Maganinsu wani kaki ne mai ruwa-ruwa da ake fesawa ta ƙananan ramuka da dogon siririn bututu. Yakan malala cikin kowace gaɓa, ya kori danshi, ya zauna da laushinsa ba tare da ya tsage ba. Shi ake yi a ƙarshe, bayan walda da fenti, domin yana kama wuta, fenti kuma ba ya zama a inda ya taɓa.

Wasu direbobi baƙin mai suke fesawa, wato tsohon man da aka juye daga inji. Ba za a ce ba ya yin komai ba, tun da mai yana korar ruwa. Amma ruwan sama yana wanke shi, ƙura tana manne masa, yana kumbura roba, yana cutar da fatar mai taɓa shi kullum, abin da ya ɗiga ƙasa kuma kwata ce za ta kwashe shi, kwatar Jimeta kuwa Binuwai ta nufa, inda masunta ke kamun kifin da ake ci. Araharsa ba ta kai ɓarnarsa ba.

Lokaci ma yana cikin kayan aiki. Masana fenti sun ce kada a fesa idan danshin iska ya wuce kashi 85 cikin ɗari, ko idan ƙarfe ya yi sanyin da raɓa za ta iya sauka a kansa. Safiyar watan Agusta a bakin Binuwai takan karya wannan doka. Hunturu ya fi dacewa saboda bushewar iska, sai dai ƙurarsa tana zama a kan ɗanyen fenti. Shi ya sa mai fenti ke neman rufaffen wuri, ya yayyafa ruwa a ƙasa kafin ya fara. Tsakar ranar bazara kuma ƙarfe yakan yi zafin da fenti zai bushe kafin ya kwanta.

Da yawa daga cikin yaran da ke koyon wannan sana'a sa'o'inku ne, saboda haka ya kamata ku san haɗarinta. Tururin tina yana sa jiri, yana kuma kama wuta. Fentin launi mai gwangwani biyu yakan ƙunshi sinadarin da ke jawo ciwon asma, kuma ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. Sai takunkumi na musamman da wuri mai iska. Akwai masu shan madara bayan aiki, wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take zuwa, tururi kuwa huhu ya shiga, ba sa haɗuwa. Ƙurar tsohon fenti tana iya ƙunsar dalma, gubar nan da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Don haka a wanke hannu kafin cin abinci, kada kuma a shiga gida da kayan aiki. Hayaƙin waldar ƙarfe mai tutiya yana sa zazzaɓi. Tankin fetur kuwa, ko babu mai a ciki, tururin da ya rage ya isa ya fashe. Cire shi ake yi kafin a kunna wutar walda a kusa.

Bayan an gama, motar ta koma hanya, aikin da ya rage ƙarami ne amma na kowace shekara. Kafin damina a duba robar gilashi, a taɓa fenti a duk inda tsakuwa ta ƙwarzane. Cikin damina a riƙa wanke taɓon madigadi, a ɗaga kafet a shanya idan ya jiƙe. A ƙasan kowace ƙofa kuma akwai 'yan ƙananan ramuka da masu ƙera mota suka bari da gangan, domin ruwan da ya bi gilashi ya shiga ya sami mafita. Ƙura takan toshe su, wani lokaci ma mai fenti ya rufe su da fila yana zaton huda ce. Ku buɗe ƙofar motar gidanku ko ta maƙwabta, ku sunkuya ku neme su. Idan kun same su a toshe, tsinken tsintsiya ya isa ya buɗe su.